Cocin da Jirgin Ƙasa Ya Kawo Sabon Garin Zariya

A bakin madatsar ruwan Kariba, kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, akwai wata 'yar coci mai siffar da'ira, ta Santa Barbara. Ma'aikatan kamfanin Impresit na Italiya ne suka gina ta don tunawa da mutum 86 da suka rasa rayukansu a aikin dam ɗin, wanda aka yi tsakanin 1955 da 1959. Kamfanin nan ne dai ya zo daga baya ya gina mana madatsar Bakolori. Duk inda babban aiki ya tara baƙi, sai an samu wurin ibada ya tsiro a gefensa. A Zariya layin dogo ne ya tara su, kuma daga cikin abin da ya bari akwai cocin Christ the King da ke Sabon Gari.

Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Ba a jima ba aka ja wani siririn layi daga Zariya zuwa ma'adinan kuza na Jos, a 1929 kuma reshen Gusau ya isa Ƙaura Namoda. Zariya ta zama mararraba. Akawu, direbobi, makanikai, kafintoci da leburori suka yi ta kwararowa daga kudu, har da 'yan Saliyo da Gana, aka yanka musu filaye a wajen ganuwa kusa da tasha.

Wannan zama a waje ba haka kawai ya faru ba. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka ba su son ganin 'yan mishan a cikin birane. Ko Likita Miller na CMS, da ya samu shiga birnin Zazzau a 1905, sai da mishan ɗinsa ya koma Wusasa a 1929. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA, waɗanda suka fara kafa sansani a Shandam a 1907, ba su ma nemi birni ba. Layin dogo suka bi, suna neman mabiyansu tasha-tasha. A irin waɗannan garuruwa jama'a kan riga Fada zuwa: su haɗu ranar Lahadi a gidan wani, katikis ya ja addu'a, a tara yaran da za a yi wa baftisma har ranar da jirgi zai sauke limami. A ganina waɗannan 'yan reluwe da matansu su ne ainihin magina cocin, ko da yake sunayen Turawa aka fi rubutawa.

Tsarin shugabanci ya biyo baya a hankali. Cocin Katolika ta Kaduna ta samu yankinta a 1934, ta zama dayosis a 1953, babbar dayosis a 1959, Zariya tana ƙarƙashinta. Aka buɗe makarantu, ciki har da kwalejin horon malamai ta St. Enda's da ƙaramar makarantar limamai ta St. Joseph.

Samaru kuwa wata hanya ta bi. Tashar binciken aikin gona ce ta fara jawo ma'aikata tun shekarun 1920, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ta cika unguwar da ɗalibai da malamai daga ko'ina, har sai da ta datse rafin Kubanni don ta shayar da su. Katolikan jami'a suka samu nasu ɗakin ibada, Our Lady Queen of Peace.

Shekarar 1966 ta kusa tafiya da komai. Kashe-kashen da aka yi sun sa 'yan Ibo, waɗanda su ne ƙashin bayan cocin Sabon Gari, suka bi jirgin da ya kawo iyayensu suka koma gida. Bayan yaƙin basasa gwamnati ta karɓe makarantun mishan. A watan Maris na 1987 rikicin Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙona coci-coci da dama. Babu Bazazzagen kirki da zai tuna waɗannan ranaku ransa bai ɓaci ba, domin maƙwabta ne abin ya shafa, mutanen da ake cin kasuwa ɗaya da su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda cocin baƙi ta koma magana da Hausa. 'Yan kudancin Kaduna sun ƙaru a gari, a ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Giwa kuma wasu Maguzawa suka karɓi Kiristanci, ana yi musu Mas da harshen da suka sha a nono. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙirƙiro Dayosis ɗin Zariya ranar 5 ga Disamba, 2000, ɗan Arewa aka naɗa, Bishop George Jonathan Dodo, cocin Sabon Gari kuma ta zama mazaunin kujerarsa. Ya riƙe ta har rasuwarsa ranar 8 ga Yuli, 2022. A 2023 aka ba da kujerar ga Habila Daboh, wanda shi ne shugaban makarantar limamai ta Good Shepherd a Kaduna lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗalibanta huɗu a 2020, suka kashe ɗaya.