Bayani a kan Ma'ajiyar Littattafai ta Birnin Katsina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amma bayan haka, wannan taƙaitaccen bayani ne zuwa ga almajiran Jibiya, mazauna hanyar Katsina da Maraɗi, bisa inda magabata suka ajiye littattafansu.

Fasali na farko. Ka sani, ya ɗan'uwa, cibiyar karatu a Katsina ita ce Gobarau. Masu ruwaya sun ce an gina ta tun zamanin Sarki Muhammadu Korau, masallaci ne, makaranta ce kuma. Ginin ƙasa ne, da tubali da azara. Abin da ya saura gare mu shi ne hasumiya, tsawonta wajen mita 15, da matakala a jikinta.

Amma littattafai ba a tara su gida guda ba. Kowane malami da nasa ɗaki a bayan zaure, bango mai kauri, taga ƙarama, domin zafi kada ya shiga. Littafi kuwa warƙa-warƙa yake, ba a ɗinke shi, sai a sa shi cikin tadarishi, a sa cikin gafaka, a rataye ga bango nesa da ƙasa. Dalili, maƙiyan takarda uku ne: gara, da yoyon damina, da gobara. A irin waɗannan ɗakuna Ɗan Marina da Ɗan Masani suka karantar. Ɗan Masani ya rasu a 1667.

Fasali na biyu. Da Nasara suka zo, sai suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ita ma ginin ƙasa. Nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A 1938 aka mai da ita Kaduna, daga baya ginin ya zama gidan tarihi. A 2006 aka kafa jami'ar da ake kira da sunan Umaru Musa 'Yar'adua, tana da ɗakin littattafai na sumunti.

Kammalawa. Ka lura, bango ba shi ne ya tsare ilimi ba. Masallacin Gobarau ya rushe, amma abin da Ɗan Masani ya wallafa ya iso mu, domin almajirai sun yi ta kwafarsa hannu da hannu. Saboda haka wanda ya gaji gafaka kada ya kulle ta don rowa. Ya riƙa buɗe ta yana kakkaɓewa, ya ba mai kwafa aro, ya ɗauki hotonta. Warƙar da gara ta ci ba ta komowa.

Tamat bihamdillahi. Allah shi gafarta wa marubuci da mai karatu, amin.