Napoleon Dynamite: Fim ɗin barkwancin da ya raba kan masu kallo gida biyu

Napoleon Dynamite fim ne na barkwanci da aka shirya a Amurka, ya kuma fito a shekarar 2004. Babu wani babban kamfani da ya ɗauki nauyin shirya shi, kuma kuɗin da aka kashe masa bai wuce kimanin dala 400,000 ba, amma abin da ya samu a gidajen sinima ya haura dala miliyan 44 a Amurka kaɗai. Duk da wannan nasara, abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne saɓanin da ya haddasa tsakanin masu kallo. Wasu sun kalle shi sau da dama har sun haddace maganganun cikinsa, wasu kuwa sun kasa gane abin dariya ko guda a ciki. Wannan saɓani ya yi tsanani har ya zama matsala ga masanan kwamfuta masu ƙoƙarin hasashen irin fim ɗin da zai burge mutum.

Yadda aka shirya shi

Jared Hess ne ya ba da umarni, kuma shi da matarsa Jerusha Hess suka rubuta labarin. Dukansu sun yi karatun fim a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah, inda Jared ya haɗu da Jon Heder, wanda daga baya ya fito a matsayin Napoleon. Tushen labarin wani gajeren fim ne marar launi mai suna Peluca, wanda Hess ya yi a matsayin aikin makaranta, Heder ya ja ragamarsa, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na Slamdance a 2003.

A bazarar 2003 aka ɗauki cikakken fim ɗin cikin kwanaki ashirin da 'yan kai a Preston, wani ƙaramin garin manoma a jihar Idaho mai mutane kimanin 5,000, inda Hess ya yi sakandare. An yi amfani da gidajen mutanen garin da makarantarsu, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake gani a bayan fage mazauna garin ne. Dala 1,000 aka biya Heder da farko, sai bayan fim ɗin ya karɓu aka sake zama aka ba shi kaso daga ribar.

A watan Janairun 2004 aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance, wanda shi ne babbar kasuwar masu shirya fim masu zaman kansu a Amurka. A nan kamfanin Fox Searchlight ya saye shi, sannan ya haɗa kai da Paramount da MTV Films wajen rarraba shi.

Abin da labarin ya ƙunsa

Napoleon ɗalibin sakandare ne, dogo mai cukurkuɗaɗɗen gashi da ƙaton tabarau, ba ya dariya, bakinsa a sake, idanunsa a lumshe kamar mai jin barci. Yana zaune da kakarsa da yayansa Kip, mai shekara 32, wanda ba shi da aiki sai hira da mata a intanet. Suna kiwon wata dabba dangin raƙumi marar tozo da ake kira lama, sun raɗa mata suna Tina. Da kakar ta ji rauni a wurin wasan tsere a tudun rairayi, sai wani ɗan uwansu da suke kira Kawu Rico ya zo kula da gidan. Shi kuma Rico mutum ne da ya kasa rabuwa da shekarar 1982, lokacin da yake buga ƙwallon Amurka a makaranta, har yana neman na'urar da za ta mayar da shi baya.

A makaranta Napoleon ya ƙulla abota da Pedro, sabon ɗalibi daga Meziko, da kuma Deb, yarinya mai kunya da ke tallan abin hannu gida-gida don ta tara kuɗin shiga jami'a. Pedro ya tsaya takarar shugaban ɗalibai, abokiyar hamayyarsa kuma ita ce Summer, wadda ta fi kowa farin jini a makarantar. Ranar jawabin 'yan takara, da Pedro ya rasa wasan da zai gabatar, sai Napoleon ya hau dandamali shi kaɗai ya taka rawa da waƙar ƙungiyar Jamiroquai mai suna Canned Heat. Ɗalibai suka miƙe suna tafi, Pedro ya ci zaɓe. Efren Ramirez ne ya fito a Pedro, Tina Majorino a Deb, Aaron Ruell a Kip, Jon Gries kuma a Kawu Rico.

Salon da ya jawo saɓanin

Iyakar labarin ke nan, kuma ko wannan zaɓen sai can tsakiyar fim ɗin yake kunno kai. Sauran duk ƙananan al'amura ne na yau da gobe: ciyar da dabba, hawan keke, ɓoye soyayyen dankali a aljihun wando. A mafi yawan fina-finan barkwanci akwai alamun da ke shaida wa mai kallo inda zai yi dariya, ko dai kiɗa, ko zaro ido, ko wani a cikin fim ɗin da zai nuna mamakin shirmen da aka yi. Hess ya cire kusan duk waɗannan alamu. Kyamara takan tsaya cik, jarumin ya faɗi magana mai ban al'ajabi da fuskar gaske, a yi shiru, a wuce. Wanda salon ya karɓe shi, wannan shirun ne ke sa shi ƙyaƙyatawa. Wanda bai karɓe shi ba kuwa, sai ya zauna yana jiran abin dariyar har fim ya ƙare.

Haka nan ba a gane zamanin da labarin ke faruwa da sauƙi. Tufafi da kaset da na'urar bidiyo duk na shekarun 1980 da 1990 ne, alhali ana hira a intanet, katin shaidar makarantar Napoleon kuma na ɗauke da zangon karatu na 2004 zuwa 2005.

Babbar tambayar da ta raba mutane ita ce, shin fim ɗin na yi wa waɗannan bayin Allah ba'a ne, ko kuwa ƙaunarsu yake nunawa? Masu suka na ganin ya mayar da talakawan karkara abin dariya ga mutanen birni, wasu kuma sun yi ƙorafi kan yadda aka siffanta Pedro da danginsa. Magoya bayansa na nuna cewa a ƙarshen labarin waɗanda ake rainawa ne suka yi rinjaye, kowannensu ya samu wani abin farin ciki, kuma Hess garinsu ya nuna da irin mutanen da ya tashi cikinsu.

Masu sharhi da sauran jama'a

Roger Ebert, wanda yana cikin fitattun masu sharhin fina-finai a Amurka a wancan lokaci, tauraro ɗaya da rabi ya ba shi daga cikin huɗu. A ganinsa wautar da ke ciki ta ganganci ce, kuma ba a ba mai kallo dalilin son jarumin ba. Sai dai mafi yawan masu sharhi sun yaba, domin a shafin Rotten Tomatoes, wanda ke tattara ra'ayoyinsu, kimanin kashi 70 cikin 100 sun ba shi kyakkyawar shaida.

Matasa ne suka ɗaga fim ɗin. A ranar 11 ga Yunin 2004 aka sake shi a gidajen sinima shida kacal. Maimakon tallace-tallace masu tsada, kamfanin ya riƙa shirya kallo kyauta a birane, ya bar labari ya bi baki. Sannu a hankali aka riƙa ƙara yawan gidajen, har suka haura 1,000 a watan Satumba. Yawan masu komawa su sake kallo ya sa aka ɗauki ƙarin wani sashe na ɗaurin auren Kip, aka liƙa shi a ƙarshen fim ɗin bayan jerin sunaye. Da aka haɗa da kasuwannin ƙetare, abin da ya samu ya kai kimanin dala miliyan 46, wato ya ninka kuɗin shirya shi fiye da sau 100. Irin wannan ne Hausawa ke cewa raina kama ka ga gayya.

Akwai kuma wani dalili da ya taimaka masa. Ma'auratan da suka rubuta shi da jarumin mabiya ɗariƙar Mormon ne, kuma babu ashar ko batsa a cikinsa, saɓanin yawancin fina-finan barkwancin matasa na lokacin. Saboda haka iyaye suka bar yara suna kallo, faifansa na DVD ya shiga gidaje, maganganun Napoleon suka zama sara a makarantu. Farar riga mai jan rubutun da ke kira a zaɓi Pedro ta zama kayan yayi. A 2005 fim ɗin ya lashe kyaututtuka uku na MTV, ciki har da na gwarzon fim na shekara da na rawar da Heder ya taka.

Mutanen Idaho, waɗanda ake cewa da su aka yi ba'ar, su ma da dama sun rungume shi. A 2005 majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙudurin yabo ga Jared da Jerusha Hess, an kuma tsara ƙudurin cikin raha da irin kalaman fim ɗin, har da godiya kan tallata dankalin Turawa, wanda shi ne amfanin gonar da aka fi sanin jihar da shi. Garin Preston ya yi wasu shekaru yana shirya biki da sunan fim ɗin, inda ake gasar cin soyayyen dankali da gasar kwaikwayon jaruman.

Yadda ya gagari kwamfuta

A watan Oktoban 2006 kamfanin Netflix, wanda a lokacin babban aikinsa hayar faifan DVD ta gidan waya ne, ya sanya gasar dala miliyan ɗaya. Kamfanin na da manhaja mai suna Cinematch da ke hasashen taurari nawa, daga ɗaya zuwa biyar, mutum zai ba fim ɗin da bai kalla ba tukuna. Sharaɗin gasar shi ne a ƙirƙiro lissafin da zai fi Cinematch dacewa da kashi 10 cikin 100. Don haka aka ba masu fafatawa maki sama da miliyan 100 da kimanin mutum 480,000 suka ba fina-finai 17,770.

Irin wannan manhaja tana aiki ne ta hanyar kwatance. Idan mutum biyu sun yi tarayya a son fina-finai hamsin, ana kyautata zaton za su yi tarayya a na hamsin da ɗaya. Wannan ƙa'ida na aiki sosai a fina-finan faɗa ko na soyayya, amma a kan Napoleon Dynamite sai ta ci tura. Makin da aka ba shi ya fi taruwa a tauraro ɗaya da taurari biyar, tsakiya ta yi ƙaranci. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mutanen da ra'ayinsu ya zo ɗaya a kusan komai sukan raba gari idan aka zo kansa. Duk lokacin da manhajar ta rasa tabbas sai ta ba da maki na tsakiya, wanda kuma kuskure ne babba ga mai so da mai ƙi baki ɗaya.

A Nuwamban 2008 mujallar jaridar New York Times ta buga rahoton Clive Thompson kan gasar, inda wani mai fafatawa ya bayyana cewa wannan fim shi kaɗai ne sanadin kimanin kashi 15 cikin 100 na kuskuren da ya rage masa kafin ya kai gaci. Rahoton ya lissafa wasu fina-finan masu irin wannan hali, kamar Lost in Translation, I Heart Huckabees, Sideways da The Life Aquatic with Steve Zissou, waɗanda duk suna da baƙon salo. Tun daga nan ake kiran lamarin matsalar Napoleon Dynamite, wato duk wani abu da son sa ko ƙin sa ba ya bin sawun abin da mutum ya so a baya. Dariya na da alaƙa da shekarun mutum, da inda ya tashi, da wanda ya zauna kallo tare da shi, da halin da yake ciki a ranar, kuma babu ko ɗaya cikin waɗannan a jerin makin da aka ba masu gasar.

A Satumban 2009 wata haɗakar masana mai suna BellKor's Pragmatic Chaos ta lashe gasar, bayan ta zarce Cinematch da kashi 10.06 cikin 100 ta hanyar haɗa ɗaruruwan hanyoyin lissafi wuri guda. Daga baya Netflix ya bayyana cewa bai yi amfani da cikakken tsarin da ya ci gasar ba, saboda wahalar aikin ta fi ribarsa, ga shi kuma kamfanin ya karkata ga nuna fina-finai kai tsaye ta intanet. A 2017 ya daina amfani da taurari biyar, ya koma tambayar mai kallo ko fim ya burge shi ko bai burge shi ba.

Bayan shekaru

Yunƙurin maimaita nasarar bai yi armashi ba. A 2012 tashar talabijin ta Fox ta fito da labarin a zanen katun, da muryoyin jaruman asali, amma aka dakatar da shi bayan kashi shida. Jared Hess ya ci gaba da shirya fina-finai, ciki har da Nacho Libre na 2006 wanda Jack Black ya jagoranta. A 2014 aka kafa mutum-mutumin Napoleon a harabar kamfanin Fox da ke Los Angeles don cikar fim ɗin shekara goma, sannan a Janairun 2024 aka sake nuna shi a bikin Sundance, inda ya fara fitowa shekara ashirin kafin nan. Heder da Ramirez da Gries sun riƙa zagaya biranen Amurka suna nuna fim ɗin tare da amsa tambayoyin masu kallo, waɗanda da yawansu ba a haife su ba lokacin da ya fito.