Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tarihin Thierry Sabine da Tseren Paris-Dakar a Ƙasar Nijar

Gabatarwa

Wata rana a cikin aji, a nan Kieshe, na tambayi ɗalibaina ko sun taɓa jin labarin Paris-Dakar. Sai suka ce ai manyan biranen Faransa da Senegal ke nan. Amsar tasu daidai ce, amma ta nuna mini cewa wani yanki na tarihin ƙasarmu yana neman ɓacewa. Alhali kuwa a da, da zarar watan Janairu ya kama, sunayen Agadas da Dirku da Tenere sukan cika gidajen rediyo da talabijin na duniya saboda wannan tsere. Don haka na ga ya dace in waiwayi rayuwar mutumin da ya ƙirƙiro shi, wato Thierry Sabine, domin a cikinta akwai darasi ga malamai da ƙungiyoyinmu masu shirya bukukuwan al'adu.

Tasowarsa da sana'arsa

An haifi Thierry Sabine ran 13 ga Yuni 1949 a Neuilly-sur-Seine, kusa da Paris. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙora ne mai hali. Ya yi karatun hulɗa da ƴan jarida, wato ya koyi yadda ake tallata abu har duniya ta waiwayo ta dube shi. Ban da wannan kuma Allah Ya ɗora masa son babur, abin da mu nan muka fi kira moto.

Waɗannan abubuwa biyu ya haɗa ya yi sana'a da su. A 1975 ya shirya tseren babura a kan rairayin bakin teku na garin Le Touquet, a arewacin Faransa. Dabararsa ita ce a saki ɗaruruwan mahaya a lokaci guda, gwani da ɗan koyo, cikin hunturu, lokacin da garin ba shi da baƙi. Mahaya 286 suka shiga karon farko, masu masauki da masu abinci suka sami ciniki, tseren kuma ya kafu.

Ɓatan da ya haifi tsere

A watan Janairu 1977 Sabine ya shiga tseren Abijan zuwa Nice bisa babur ƙirar Yamaha XT 500. Bayan ya wuce Dirku, ya nufi Madama wajen iyakar Libiya, sai hanya ta ɓace masa. Ya yi kamar kwana uku shi kaɗai, ruwa ya ƙare, har ya fid da rai, sannan wani ƙaramin jirgin sama ya hango shi. Wani da ya sha irin wannan wuya, da ko sunan hamada ba zai so ya ƙara ji ba. Shi kuwa sai ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani.

Ran 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182, babura da motoci da manyan motoci, suka tashi daga dandalin Trocadéro na Paris. Suka bi ta Aljeriya, suka shigo Nijar ta Arlit da Agadas, suka sauka Yamai, sannan suka ratsa Mali da Haute-Volta, wadda ake kira Burkina Faso a yau. Tafiyar ta kai kusan kilomita 10,000. Ran 14 ga Janairu 1979, 74 kaɗai suka isa Dakar, kuma wani saurayi, Cyril Neveu, shi ya zo na farko bisa irin baburin nan da Sabine ya ɓace da shi.

Nijar, cibiyar tseren

Ko da yake sunan tseren Paris da Dakar ya ambata, a ƙasarmu ya sami kwarjininsa. A 1983 aka ratsa Tenere karo na farko. Guguwar rairayi ta taso, mahaya kusan 40 suka ɓace. Sabine ya yi kwana huɗu yana yawo cikin jirgi mai saukar ungulu, har aka gano su duka da rai. Daga nan sunansa ya ƙara tashi a Turai.

Sai dai abin da jaridun can ba su cika faɗa ba shi ne, baƙo ba ya ratsa Tenere sai da ɗan gari. Masu nuna hanya da direbobi da makanikai na Agadas su suka riƙe tseren. Fitacce a cikinsu shi ne Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, abokin Sabine. Shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen Abzinawa, ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba 1995, aka sa wa filin jiragen saman Agadas sunansa.

Famfunan ruwa da ranar ajali

Ana cikin wannan shagali fari ya auka wa Sahel. Dattawanmu na Arewa ba su mance da yunwar 1984 ba, wadda da yawa ke kira El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Sai ga motoci masu tsadar gaske suna wucewa ta gaban mutanen da rumbunansu suka zama wayam. Suka ta yi yawa a Faransa. Masanin noma René Dumont yana cikin waɗanda suka ce abin rashin kunya ne.

Sabine ya amsa da wani shiri mai suna Pari du Cœur, na kai famfunan ruwa ƙauyukan da tseren ke ratsawa. Mawaƙin nan Daniel Balavoine, wanda ya taɓa shiga tseren da mota, shi ya zama jakadan shirin. Ran 14 ga Janairu 1986 ayarin ya bar Yamai ya nufi Mali. A Gao, Sabine da Balavoine suka gana da hukumomi kan maganar famfunan, suka buɗe wani wasan ƙwallon ƙafa. Da dare, ga iska ga ƙura, jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous. Mutum biyar suka rasu: su biyu, da matuƙin jirgin François-Xavier Bagnoud, da ƴar jarida Nathalie Odent, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Sabine yana da shekara 36. Aka ƙone gawarsa bisa al'adarsu, aka watsa tokar a gindin wata itaciya tilo cikin Tenere, wadda ake kira da sunansa. Kada mai karatu ya ɗauka ita ce shahararriyar Itaciyar Tenere. Waccan mota ta kayar da ita tun 1973, gangar jikinta kuma aka kai gidan tarihi na Yamai.

Riba da hasara

Adalci shi ne a faɗi alheri, a kuma faɗi ɓarna. Agadas ta sami baƙi da kuɗi da suna. Iyalan Balavoine sun kafa ƙungiya ta ci gaba da aikin famfuna a Mali, mahaifiyar matuƙin jirgin kuma ta kafa ƙungiyar FXB a 1989 don taimakon marayu da matalauta.

Amma tseren ya ci rayukan waɗanda ba su shiga ba. A 1988 mota ta kashe wata yarinya ƴar shekara goma a Kita ta ƙasar Mali, a 2006 kuma yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Sunayen mahayan da suka mutu suna rubuce ko'ina; na ƴaƴan talakawa kuwa sai an tona.

Da tsaro ya taɓarɓare, baƙo ya naɗe tabarmarsa. A 2000 aka kwashe ayarin duka cikin jiragen sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya, aka tsallake arewacin ƙasarmu. A 2008 aka soke tseren bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, a 2020 kuma ya koma Saudiyya, da sunan Dakar ɗin nan nasa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Kammalawa

Me za mu tsinta a nan Dallol Mawri? Na farko, Sabine ya nuna cewa shirya biki sana'a ce: a san lokaci, a san mai kallo, a san mai ɗaukar nauyi, a kuma tsaya da kai ranar da abu ya ɓaci. Ƙungiyoyinmu suna bukatar wannan ilmi.

Na biyu, biki ba ya daɗewa sai in saiwarsa tana cikin ƙasa. A shekarar da aka soma tseren Le Touquet, wato 1975, a ita aka soma gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Paris-Dakar ya bar mu, amma takobin kokowa ya ci gaba da kewaya jihohinmu, domin namu ne.

Na uku, kyautar da ba a yi shawara da mai karɓa ba gajeren rai gare ta. Kowa a Arewa ya san famfon da aka buɗe da kiɗa da guɗa, bayan damina biyu ya tsaya don babu mai gyara, babu asusun sayen kayan gyara, mata suka koma ga guga da igiya.

Shi kuwa babur, wanda ya kasance abin wasan Sabine, a wurinmu ya zama jakin zamani. Shi ke kai mai naƙuda likita a Dogon Dutsi, shi ke kai mushe makarantar ƙauye, shi ke ciyar da ɗan kabu-kabu da iyalinsa. Tarihin wannan baburin ba a rubuta shi ba tukuna, kuma babu baƙon da zai zo ya rubuta mana. Aikin yana wuyanmu, mu malamai da ɗalibanmu. Allah Ya ba mu iko.