Auren Jinsi a Amurka: Daga Jihohi Zuwa Kotun Ƙoli

A Amurka, dokar aure hurumin jihohi ce, don haka daga can taƙaddamar auren jinsi ta faro. A shekarar 2000 jihar Vermont ta halatta wa masu jinsi ɗaya zaman tare bisa doka, amma ba ta kira shi aure ba. Massachusetts ce ta fara ɗaura shi a 2004, bisa hukuncin babbar kotunta, yayin da jihohi da dama suka gyara tsarin mulkinsu don haramta shi. Sai ya zamana auren da aka ɗaura a Boston ba shi da matsayi a Texas, har a sha'anin gado. Ranar 26 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta wajabta wa dukkan jihohi amincewa da shi.