Yatsu Uku Daga Panem Zuwa Titunan Asiya

A 2008 kamfanin Scholastic na Amurka ya buga The Hunger Games, littafin Suzanne Collins. Labarin ƙasar Panem ne, wadda aka gina a kan kufan Amurka ta Arewa. Duk shekara masu mulki a birnin Capitol sukan sa gundumomi 12 su kawo yaro da yarinya kowace, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fage guda su yi ta kashe juna sai ɗaya ya rage, jama'a na kallo a talabijin. Collins ta ce tunanin ya zo mata wani dare tana sauya tashoshi: nan gasar matasa, can yaƙin Iraƙi, har hotunan suka cakuɗe mata.

Ba ita ta fara irin wannan labari ba. Lois Lowry ta fitar da The Giver tun 1993, Japan kuma ta ga fim ɗin Battle Royale a 2000. Amma nata ne ya buɗe kasuwa.

Da Lionsgate ya tashi mayar da shi fim a 2012, sai ga tsaka mai wuya. Littafin tir yake yi da masu mayar da mutuwar yara abin nishaɗi, ga shi kuma tikitin kallon wannan mutuwa za a sayar. Darakta Gary Ross ya riƙa girgiza kyamara, yana kauce wa jini, don matasa su samu izinin shiga sinima. A Ingila sai da aka gyara daƙiƙa bakwai na fim ɗin. A ganina fuskar Jennifer Lawrence, wadda ta fito a matsayin Katniss, jarumar labarin, ita ce ta ceci fim ɗin: tsoron da Katniss ke faɗa wa mai karatu da bakinta, ita a idonta ta nuna shi. An kashe kimanin dala miliyan 78, aka samo kusan miliyan 700.

Daga nan kwaɗayi ya shigo. Divergent da The Maze Runner suka fito a 2014, aka raba Mockingjay, ƙarshen labarin Katniss, gida biyu don a ci kuɗi sau biyu. Allegiant, ci gaban Divergent, ya faɗi a 2016, aka watsar da kashi na ƙarshe, masu kallo ba su ga ƙarshen labarin ba.

Abin da ya ɗore ba a sinima yake ba. Bayan juyin mulkin soja na 2014 a Tailan, masu zanga-zanga suka ɗauki gaisuwar yatsu uku ta Katniss. A Nuwamban shekarar aka tsare ɗalibai biyar da suka ɗaga ta a gaban Janar Prayut, jagoran juyin mulkin, a Khon Kaen. Da sojoji suka ƙwace mulki a Myanmar a Fabrairun 2021, likitoci da ma'aikatan jinya na cikin waɗanda suka fara ɗaga yatsun nan uku.