Karmo: ƙasar da ake jira a kanta tun 1976

Jama'a, musamman 'yan uwa ɗalibai da ke haya a Karmo, Idu da Gwagwa saboda kuɗin ɗaki a cikin gari ya fi ƙarfinmu: kun taɓa tambayar kanku me ya sa unguwar nan take haka? Ga Life Camp nan kusa da kwalta da fitilu, ga tashar jirgin ƙasa ta Idu inda muke hawa mu tafi Kaduna hutun semista, amma mai gidan hayarka ko siminti ba ya son ƙarawa a bango. Mukan ce rowa ce. Wani lokacin rowar ce kam, amma akwai tarihi a ƙasan maganar.

A watan Agustan 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya nemo inda za a mayar da babban birni daga Legas. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka sanar da wurin, aka kafa Dokar Soja mai lamba 6, aka yanko fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga yankunan da suka zama jihohin Neja, Filato da Kwara. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne wai wurin ba ya hannun wata babbar ƙabila. To, babba ko ƙarama, akwai mutane a ciki: Gbagyi da mu Hausawa muke kira Gwari, Gade, Gwandara, Koro, Bassa, Ganagana da sauransu, da gonakinsu na doya da kaburburan kakanninsu. Ko sunan ma aro aka yi. Abuja ta asali ita ce Suleja ta yau, garin da zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi.

Alkawarin farko a bayyane yake: za a kwashe kowa a kai shi wani wuri, gwamnatin tarayya ta biya komai. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe Murtala. Da aka zo ƙidaya sai aka tarar mutanen sun fi yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin kuma ya yi yawa. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya magana: waɗanda aikin gini ya iso kansu kaɗai za a tayar, saura su zauna tukuna. Wasu an kai su Sabon Wuse da ke hanyar Kaduna, wasu Sabon Karu. Mafi yawa suka zauna a inda suke.

A nan matsalar take, ku lura da kyau. Dokar da ta ƙwace ƙasar ba ta sauya ba, alkawarin biya ne kawai ya ja baya. Mutum yana zaune a gidan ubansa, yana noma gonar kakansa, amma a takarda ba shi da ko taku ɗaya. Ba zai iya kai filin banki ya karɓi bashi ba. In an zo karɓa, ba ƙasar ake biya ba, abin da ke kanta ake ƙirgawa: ɗaki nawa, mangwaro nawa, ɗorawa nawa, kaɗanya nawa. Daga nan kuma manufa ta riƙa juyawa. A 1992 aka ce a bar ƙauyuka a cikin birni a gyara su, aka gwada da ƙauyen Garki. A 1999 aka koma batun kwashewa, aka gina gidaje a Jibi, ƙarshe jami'an tsaro ne suka shige su.

Ana cikin haka birni ya cika, musamman bayan Babangida ya taso daga Legas ranar 12 ga Disambar 1991. Leburori, direbobi, 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata ba su da wurin kwana a Maitama ko Asokoro, sai suka gangaro irin su Karmo suna sayen fili a hannun masu unguwanni. Takardar da aka ba su kuwa hukuma ba ta san da ita ba. Lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista aka shigo da katafila Idu-Karmo tsakanin 2005 da 2006. An ce gidajen 'yan asali a bar su sai an sama musu wuri, na baƙi a rushe. Rahoton da ƙungiyoyin COHRE da SERAC suka fitar a 2008 ya ƙiyasta mutum 800,000 ne rusau ya shafa a faɗin Abuja daga 2003 zuwa 2007. Wanda ya ga wannan da idonsa, kai ka ce masa ya zuba kuɗi ya yi maka tayil a banɗaki?

Irin wannan jira ba a kanmu aka fara ba, kuma misalin da ya fi kama da namu yana can ƙasar Niyu Zilan, wajen ƙabilar Maori. A 1906 mutanen Ngati Tuwharetoa suka yi yarjejeniya da wani kamfanin katako, Tongariro Timber Company: ya sari itatuwan dazuzzukansu da rangwamen farashi, shi kuma ya shimfiɗa musu layin dogo na kusan mil 40 daga Kakahi zuwa tafkin Taupo, don su ma su samu hanyar kai kaya kasuwa. Kamfanin bai samu jari ba. Maimakon a warware yarjejeniyar, gwamnati ta riƙa ƙara masa wa'adi, ana ta zama tsakanin jami'ai da masu kamfani, ita kanta gwamnatin tana sayen kason wasu daga cikin masu filin. Sama da shekara 20 dajin yana ɗaure, masu shi ba su da ikon sayar wa wani. Layin dogon ba a taɓa gina shi ba.

Abin haushin ma yana gaba. Da kamfanin ya durƙushe, wani kamfani da ya zuba kuɗi a harkar, Egmont Box Company, ya nemi diyya, majalisa ta yi doka a 1935 aka biya shi fam 23,500, aka ɗora bashin a kan masu ƙasar. Ka ji fa! Sarkinsu Hoani Te Heuheu ya kai ƙara har kotun ƙoli ta daular Ingila a Landan, yana kafa hujja da yarjejeniyar Waitangi ta 1840. A 1941 alƙalai suka ce yarjejeniyar ba ta da ƙarfi a kotu sai in majalisa ta sa ta cikin doka.

A ganina bambancinmu da su bai wuce abu guda ba. A 1975, shekarar da aka naɗa kwamitin Aguda, su kuma suka kafa kotun musamman ta Waitangi don sauraron koken Maori, daga baya aka ba ta ikon komawa har 1840. A 2017 gwamnatinsu ta sa hannu kan sulhu da Ngati Tuwharetoa, da neman afuwa a rubuce da diyya. An makara ƙwarai, waɗanda aka cuta duk sun mutu, amma dai an samu teburin da ake zama.

Mu a nan har yau babu irin wannan teburin. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk ƙasar Abuja ta gwamnatin tarayya ce. 'Yan asali ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Ko kujerar minista sai da aka je kotu: a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce suna da haƙƙinta, sai a 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo, ɗan asalin Abuja na farko da ya zama minista, shekara 47 bayan dokar Murtala.

'Yan sashen tarihi da na shari'a masu neman maudu'in furojet, tsofaffin da suka ga zuwan masu awon farko suna nan da ransu a ƙauyukan nan, kuma kullum raguwa suke yi. Kuɗin Keke Napep ne tsakaninku da su.