Kiwon kifin ado da tsirran ruwa a cikin gida

Duk wanda ya ga akwatin gilashi cike da ruwa a wani otal ko falo, ƙananan kifaye masu launi na kai da komo tsakanin korayen tsirrai, zai ɗauka ba wani aiki a ciki illa zuba ruwa da watsa abinci.

To sai dai sau da yawa wanda ya sayi akwati da kifi a rana ɗaya yakan wayi gari cikin mako biyu ko uku ya tarar kifayen sun taso saman ruwa, ciki sama. Ba kasafai cuta ce ke kashe su ba. Guba ce da ta fito daga jikinsu, ta rasa mai kawar da ita.

Mafari

Mutanen Sin ne suka fara kiwon jan kifin zinariya domin ƙawa, kimanin shekaru dubu da suka wuce, a tafkuna da manyan tukwane.

Akwatin gilashi irin na yau kuwa a Ingila ya samo asali. A shekarar 1850 wani masanin harhaɗa sinadarai a London, Robert Warington, ya ba da rahoton yadda ya ajiye kifin zinariya biyu tare da ciyawar ruwa mai suna Vallisneria a cikin tulun gilashi. Da ruɓaɓɓen ganye ya fara gurɓata ruwan sai ya saka dodon koɗi, suka cinye dattin, ruwa ya washe. Shekaru uku bayan haka, a 1853, gidan namun dajin London ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo.

Warington ya gano cewa tsiro na ba kifi iskar oksijin, kifi kuma na ba tsiro iskar da yake fitarwa. Akwai abokin tarayya na uku da ido ba ya gani, kuma a kansa rayuwar akwatin ta dogara.

Ma'aikatan da ba a gani

Kifi na fitar da sinadarin amoniya daga jikinsa, haka ma ragowar abinci da mataccen ganye idan sun ruɓe. A kogi yawan ruwa kan tafi da shi. A akwati mai lita 60 babu inda za shi, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙone wa kifi kafofin numfashi.

Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mai da amoniyan zuwa nitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jini ɗaukar oksijin. Wasu kuma su mai da nitirait zuwa nitiret, mai sauƙin illa, wanda tsirrai ke sha a matsayin taki. A 2015 ma masu bincike sun gano wani jinsin bakteriya da ke yin aikin biyu shi kaɗai.

Matsalar ita ce sabon akwati ba shi da isassun ƙwayoyin, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Saboda haka ƙwararru kan bar akwatin yana aiki da ruwa da tsirrai da na'urar tacewa, suna ɗan jefa abinci domin ya ruɓe, suna auna ruwan da kayan gwaji. Sai amoniya da nitirait sun koma sifili ake saka kifi, shi ma kaɗan-kaɗan. Mai aboki da ke da daɗaɗɗen akwati mai lafiya zai rage kwanakin idan ya samo guntun soso daga matatarsa.

A jikin wannan soso da kan tsakuwa ƙwayoyin ke zaune. Shi ya sa tsabtar da ta wuce kima ke kashe kifi fiye da ƙazanta. Wanda ya kwashe ruwa duka, ya wanke soso da sabulu ko ruwan famfo, ya mai da akwatinsa ranar farko. Abin da ake yi shi ne canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, a matse soson a cikin ruwan da aka ɗiba.

Tsirrai

Mai ɗaukar hoton nan na Japan, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, shi ya ɗaukaka dashen tsirrai a ƙarƙashin ruwa har ya zama fasaha da ake gasa a kanta. Irin nasa aikin na buƙatar fitila mai ƙarfi da tulun iskar kabon, kuma ba nan ya kamata ɗan koyo ya fara ba.

Ɗaya daga cikin tsirrai mafi juriya ɗan Afirka ta Yamma ne. Anubias barteri na fitowa a bakin rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru, kuma an sa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo tawagar Baikie ya rasu a Raba, bakin kogin Kwara, a 1859. Ɗan haske ya ishe shi. Sai dai ba a binne kaurin jijiyarsa a yashi domin ruɓewa take yi. Ɗaure ta ake yi da zare a jikin dutse ko itace.

Kainuwa ma, wadda Bahaushe ke wa kirari da dashen Allah, tana da amfani: tana yawo a sama, tana shan nitiret da sauri. Amma dole a riƙa rage ta, don kada ta tare haske.

Awa shida zuwa takwas na hasken fitila sun wadatar. Idan ya zarce haka, ko rana na dukan gilashin kai tsaye, gansakuka ce za ta mamaye komai.

Ruwa, zafi da lantarki

Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, mai kashe kifi da bakteriya. Yakan fita idan ruwan ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe, amma nau'in da ake kira kuloramin ba ya fita sai da maganin da ake sayarwa domin haka. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai ma'adanansa sun bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka a gwada.

Yawancin kifayen ado sun fi son digiri 24 zuwa 27. A Turai na'urar ɗumama ruwa ake nema. A Kano ko Maradi kuwa babbar barazana ita ce bazara, domin ruwa na rasa oksijin yayin da yake ɗumi: kimanin miligiram 9 a lita a digiri 20, ya sauka zuwa 7 da rabi a digiri 30. Da dare kuma tsirrai su ma shaƙar oksijin suke yi. Idan wuta ta ɗauke a irin wannan dare, kifi zai taso yana haki. Ƙaramin famfon iska mai batir na iya ceton akwatin. Haka nan babban akwati ya fi ƙarami jure sauyin zafi, ko da yake mai lita 100 kan haura kilo 120 idan an cika shi, sai da teburi mai ƙarfi.

Wane kifi?

Gofi, ɗan asalin Benezuwela da Tirinidad, yana da juriya, yana haihuwar 'ya'ya da rai, kuma yana cin tsutsar sauro. Kiribensis mai jan ciki, wanda ya shahara a shagunan Turai da Amurka, daga kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ya fito. Kifin zinariya, duk da farin jininsa, zaɓi ne mara kyau ga akwatin tsirrai: ya fi son ruwa mai sanyi, yana girma ya kai taƙi guda, yana kuma tumɓuke dashe. Tarwaɗa kuwa cinye maƙwabta za ta yi.

Abin da ya yi yawa a akwati ba a zuba shi a kogi ko kwata. Tsiron hayasin mai shuɗin fure, wanda aka yaɗa daga Kudancin Amurka domin ado, ya shiga ruwayen Legas a 1984, ya riƙa toshe hanyar jiragen ruwa da masunta. Tarayyar Turai ta haramta cinikinsa a 2016, kuma daga 2024 haramcin ya haɗa har da kainuwa.